Cinikin Biri A Sama: Gargaɗi Ga 'Yan Kasuwar Illela

Jama'a 'yan'uwanmu talakawa da 'yan kasuwa, yau maganarmu a kan Illela take, garin nan na bakin iyaka da ke fuskantar Birnin Ƙonni ta ƙasar Nijar. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela ran Lahadi ya san yadda ake ciniki a can. Baƙo ya zo daga Legas ko Ibadan da kuɗinsa, bai san mai shanu ba, mai shanu bai san shi ba. Amma akwai dillali a tsakani, akwai mai masauki wanda ya san gidan kowa. In sa ya fito na sata, an san wanda za a riƙe. Wannan amana ita ce jarin kasuwar tun kafin a yi zancen shanu da albasa.

To, zamani ya juya, kuma ba da shawararmu ya juya ba. An rufe iyaka a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. A farkon 2023 canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mai rago ya koma karɓar taransifa ko yana so ko ba ya so. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufe iyakar har Maris 2024. Waɗannan wahalhalu su suka tura ciniki cikin waya. Yau yaro yana ɗaukar hoton ragon layya a Illela, mai saye yana Abuja ya biya, ba su taɓa haɗa ido ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Waɗanda suka kora mu cikinsa kuwa ba su biyo mu kasuwa sun koya mana yadda za mu tsare kanmu ba. Saboda haka bari mu koya wa juna.

Abu na fari shi ne kwaɗo. In ka ba direban mota takarda a buɗe ya kai Sakkwato, kowa a hanya yana iya karantawa, har ya soke lambar asusunka ya rubuta tasa. In kuwa ka sa ta a ambulan ka buga hatimi, sai wanda aka aika wa zai buɗe. Haka shafin ciniki na intanet yake. Akwai wata takardar shaida da ake ɗora wa shafi. Masu ba da ita sai sun tabbatar cewa adireshin nan a hannunka yake. Idan mai saye ya shigo, wayarsa za ta duba takardar, sa'an nan duk abin da ya rubuta, watau sunansa da lambar katinsa, za a rikitar da shi a hanya yadda ba mai iya karantawa sai shafin da ke riƙe da mabuɗi. Alamar wannan ita ce adireshin ya fara da https, ba http kawai ba. Wani kamfanin Amurka, Netscape, shi ya fito da dabarar a 1995. Tun Yuli 2018 kuma manhajar Chrome tana rubuta wa mai saye gargaɗi cewa shafin da ba shi da ita ba shi da tsaro. Ɗan kasuwar da ya bar shafinsa haka, kamar wanda ya tafi salla ya bar rumfarsa a buɗe ne.

Ku lura da wannan da kyau, domin a nan ake cutar jahili: takardar nan ana samunta kyauta. Tun 2015 wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt take raba ta ba ko kwabo. Wanda ya gina maka shafi yana da haƙƙin ladan aikinsa, ba mu hana ba. Amma in ya ce ka kawo kuɗi masu nauyi don sayen kwaɗo, ka tambaye shi me ya hana a ɗauki na kyauta. Ka kuma sani takardar tana da wa'adi na 'yan watanni, sai ana sabuntawa. A sa ta riƙa sabunta kanta, kada ta mutu ana gobe Salla, masu saye su ga gargaɗi su juya.

Abu na biyu ya fi na farin nauyi. Kwaɗo hanya yake tsarewa, ba ya gyara halin mai kanti. Takardar kyauta shaidarta ɗaya ce, cewa adireshin na mai shi ne. Ba ta ce mai shi yana da rago ba, ba ta ce zai aiko ba. Ɓarawo ma yana iya karɓar tasa, ya buɗe shafi mai kama da na banki. A 2019 hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta gargaɗi jama'a cewa mazambata suna amfani da wannan alama don a yarda da su. A 2023 Google ya cire hoton kwaɗon daga gefen adireshi a Chrome, domin mutane sun ɗauka shaidar gaskiya ce. Ga misali a gida. Yawancin cinikinmu a WhatsApp da Facebook ake yi, su kuwa hanyarsu a kulle take, amma hakan bai hana hoton ragon wani da alat na bogi ba. Hali zanen dutse ne.

Ashe ke nan abin da dillali da mai masauki suke yi a Illela, kwamfuta ba ta ɗauke mana shi ba. Don haka muna kira kamar haka.

Ga mai shafi: ka sa kwaɗo, sa'an nan ka fito fili. Ka rubuta sunanka, da inda rumfarka take, da lambar rajistarka ta CAC in kana da ita. Sunan asusun da za a biya ya zama ɗaya da sunan kasuwancin. Kada ka tara lambobin katin mutane a wurinka, ka bar biyan kuɗi ga kamfanin da Babban Banki ya ba lasisi.

Ga shugabannin kasuwa da na dillalai: ku buɗe littafi na 'yan kasuwar da ke sayarwa ta waya, da lamba guda wadda baƙo zai kira ya tambaya ko kun san wane. Wanda ya ci amana a soke sunansa, kamar yadda ake korar dillalin banza daga kara. Mayaudari ɗaya ya isa ya ɓata sunan gari duka.

Ga hukuma: akwai dokar laifukan intanet ta 2015, akwai dokar kare bayanan jama'a ta Yuni 2023 da hukumarta. Amma dokar da ke kwance cikin Turanci a ofis ba ta tsare mai albasa. A karanta ta da Hausa a rediyo, a zo da ita kasuwa ran Lahadi, a nuna wa talaka ƙofar da zai kai kuka. Wanda ya san hanyar rumfarmu ranar karɓar haraji, ya san ta ranar kare mu.

Ga mai saye da mai sayarwa baki ɗaya: ku karanta adireshi harafi da harafi. Kada ku ba kowa lambar sirri, ko ya rantse daga banki yake. Kada kaya su hau mota sai kun ga kuɗi a asusu da idonku, domin saƙon waya ba kuɗi ba ne.

Illela ta jure rufe iyaka sau biyu cikin shekara biyar, ta tashi. Abin da kasuwa ba ta iya jurewa shi ne ranar da baƙo zai ji sunanta ya riƙe aljihunsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mu da cin amana, ya sa albarka a cinikinmu, amin.