Mata ɗaya, 'ya'ya huɗu: sauran iyalin fa?



Kwanakin baya wani ɗan ƙungiyarmu a nan Moduganari, ma'aikacin gwamnatin tarayya, ya kai ɗan amaryarsa asibiti da zazzaɓi mai zafi. Ya miƙa katin inshora da ƙwarin gwiwa, aka duba aka ce sunan yaron ba ya ciki. Dole ya fito neman rance, ga shi wata ya yi nisa. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu tattauna.

Tun 2005 aka ƙaddamar da inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS. A watan Mayun 2022 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, inshorar lafiya kuma ta zama wajibi a kan kowa. Ma'aikacin tarayya yana ƙarƙashin NHIA. Jihohi kuwa suna da nasu hukumomin: BOSCHMA a nan Borno, KSCHMA a Kano.

Tsarin tarayya yana ɗaukar ma'aikaci, da matarsa ɗaya ko mijinta, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Idan aka rubuta magani, kashi 10 cikin 100 na kuɗin kawai za ka biya. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai hawan jini ko ciwon suga.

To amma mu dubi gidajenmu. Nawa ne cikinmu ke da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu kacal? Ga mai mata biyu, ga mai riƙon marayu, ga tsofaffin iyaye. A ra'ayina, wannan ma'auni bai dace da iyalin Arewa ba, kuma ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su ci gaba da matsawa a faɗaɗa shi. Magidanci ya zaɓi 'ya'ya huɗu cikin tara, wannan kaɗai ya isa ya haddasa fitina tsakanin kishiyoyi.

Sai dai kafin a gyara, kada mu naɗe hannu. Akwai damar ƙara sunayen sauran iyali idan ka biya ƙarin kuɗi. Akwai kuma shirin GIFSHIP na NHIA, wanda mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya ke biya shekara-shekara. Ya dace da iyayenmu, da 'ya'yan da suka haura 18, da waɗanda suka yi ritaya. Ma'aikacin jiha kuma ya je ofishin BOSCHMA da ƙafarsa, ya tambayi nawa ake cira a albashinsa da mutum nawa katin ya ɗauka.

Shawara ta ƙarshe: zaɓi asibitin da ke kusa da gida. Kowa yana son Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, amma ciwon dare ba ya jiran a sami Keke Napep. In lalurar ta fi ƙarfinsu, su ne za su tura ka gaba.

Masu cewa "ni ban taɓa amfana ba", ku gode wa Allah da lafiya. Abin da aka cira muku ya yi wa wani ɗan uwa magani, taimakekeniya ke nan.

Don Allah kowa ya duba sunayen da ke kan rajistarsa a wannan makon. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Sakataren ƙungiya