Martani: Girman Madubi Ba Shi Ne Saiti Ba

Malam, na karanta rubutunka inda ka shawarci matasan Madobi masu sha'awar wasan harbi su sayi madubin bindiga mai ninka abu sau 24, wai tunda ga shi da arha. Wannan shawara asarar kuɗi ce.

Madubi mai ninkawa da yawa yana ninka har rawar hannun ɗan koyo. Mai arhar kuwa gilashinsa dishi-dishi ne, kuma ba ya riƙe saiti: ka daidaita shi da safe, kafin azahar ya goce. Bindigar iska mai sifirin tana girgiza gaba da baya, tana kwance cikin madubin da ba don ita aka ƙera shi ba. Ga ƙurar hunturu, ga raɓar gonakin rani na Kura da Bunkure. In ba a liƙe madubin da kyau ba, hazo zai cika cikinsa. Mai ninkawa sau 4 kacal, ƙaƙƙarfa, da maɗauri mai kyau, ya ishi mai farawa.

Ka san a gasar Olamfik, masu harbin bindigar iska daga mita 10 ba sa ɗaura madubi mai ninkawa ko kaɗan? Numfashi da natsuwar yatsa suke horarwa.

Abin da ya fi damuna, ba ka ambaci doka ba. A dokar makamai ta Najeriya, ko bindigar iska sai da lasisin 'yan sanda. Matasa, ku fara da takarda da malami kafin ku je kasuwa.