Ni Ma Ɗan Gida Ne

An haife ni a Daura, ba ta Bayajidda ba, ƙaramar Daura ta ƙasar Karaye, inda aka binne cibiyata da ta mahaifina da ta kakana. Ranar da na je wani ofishi neman takardar shaidar asali domin shiga jami'a, ma'aikacin ya dubi sunana na baftisma, ya ɗago kai ya ce, "Samari, faɗa mini gaskiya, daga wace jiha iyayenka suka zo?" Na ce, "Ranka ya daɗe, daga gona suka zo, gobe ma can za su koma." Bai ko murmusa ba. Sai da na yi sawu uku, mai unguwarmu, wanda Musulmi ne, ya rako ni ya shaide ni, sannan aka sa hannu.

Da na shiga jami'a kuma, na je sujada ran Lahadi da babbar riga da hula. Wata 'yar'uwa a cikin Almasihu ta matsa gefe, ta rungume jakarta, bayan an tashi ta tambaye ni yaushe na tuba. Ma'aikacin nan da baiwar Allah nan ba su san juna ba, ba su kuma haɗa addini ba, amma kuskurensu ɗaya ne: sun ɗauka Bahaushe ba ya zama Kirista. Wannan zance nake musantawa, kuma tarihi ne shaidata.

Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun kawo Musulunci a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Kafin nan akwai Hausawa a gindin Dala, suna noma, suna ƙira, suna magana da harshen nan da nake rubutu da shi. Waɗanda suka musulunta ba su koma Larabawa ba. Waɗanda suka tsaya kan al'adar kakanni aka kira su Maguzawa, daga cikinsu iyayenmu na Karaye da Rogo suka fito. To, in Musulunci bai raba Bahaushe da asalinsa ba, ta yaya baftisma za ta mai da ni Bature ko baƙo?

Masu cewa jiya-jiya muka ɓullo su koma su bincika. A 1913 wasu daga zuriyar Isawa, almajiran Malam Ibrahim na Kano, suka iske Dakta Walter Miller a Zariya da ƙafarsu suna neman labarin Isa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. A 1954 ekklesiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta daga mishan ta SIM. Wusasa ta ba Arewa likitanta na farko, Dakta R.A.B. Dikko, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa, ta kuma ba ta Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Shin waɗannan ma baƙi ne? Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa. Ba alfarma muke roƙo ba, haƙƙinmu muke tambaya.

Sai dai ba zan boye laifinmu ba. Mu ma mun taya a fasa tulun. Mun fara jin kunyar sunayen Talatu da Tanko da Ɗanladi, muna laƙaba wa 'ya'yanmu sunayen da kakanninsu ba su iya faɗa. Matasanmu na ganin addu'a da Ingilishi ta fi saurin isa sama. Alhali ranar Fentikos kowa da harshen garinsu ya ji bishara, ba a ce wa kowa ya sake harshe kafin ya sami ceto ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda ya tuɓe rigar gado da hannunsa, kada ya yi kuka in an kira shi baƙo.

A ƙauyenmu rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi. Gayya ɗaya muke fita da damina. Suna aiko mana da naman layya, muna aika musu da shinkafar Kirsimeti, kuma ba a tambayar addinin mamaci kafin a je gaisuwa. Manomin Rogo ya san wannan sarai. Mai riƙe da alƙalami ne ya manta.

Saboda haka ina kira ga ma'aikaci ya tambayi mai unguwa kafin ya yanke hukunci da suna. Ina kira ga 'yan'uwa a coci su daina tsorata da hulata. Mu kuwa Masihiyawa, mu raɗa wa 'ya'yanmu suna da Hausa, mu yi addu'a da ita, mu je ofis mu nemi takardarmu ba tare da sunkuyar da kai ba. Ƙasar da ta karɓi cibiyata ita za ta karɓi gawata, kuma ba za ta tambaye ni daga wace jiha na zo ba.