Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Muhalli Kan Ruwan Kogin Romi

Mai girma Minista, Malam Balarabe Abbas Lawal,

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan kogin Romi, da kuma wasu halittu da ido ba ya gani waɗanda ke zaune cikin lakarsa. Kai ɗan jihar Kaduna ne, ka kuma daɗe kana Sakataren Gwamnatinta, don haka ba sai na yi maka kwatancen unguwar Rido ko ta Romi ba.

A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna a ƙaramar hukumar Chikun, ƙarfinta kuma ya kai ganga 110,000 a rana. Kowace matata tana shan ruwa mai yawa. Da shi ake wanke gishirin da ke cikin ɗanyen mai, da shi ake sanyaya injuna, da shi ake yin tururi. Idan ya gama aikinsa sai ya fito ɗauke da maiƙo da wasu sinadarai masu guba. Na Kaduna, bayan an tace shi, cikin Romi ake sakinsa, Romi kuma ya kai shi kogin Kaduna. A tsakanin nan akwai masu noman rani da ke ban ruwan alayyafo da tumatir, akwai makiyaya da ke shayar da shanu, akwai yara masu wanka. Matatar ta yi shekaru a kwance, amma a 2023 kamfanin NNPC ya ba Daewoo kwangilar gyara ta a kan sama da dala miliyan 700. Tun daga lokacin zancen da ake yi shi ne litar fetur nawa za a samu. Ni abin da ke damuna shi ne ruwan da zai sake kwararowa ranar da aka tayar da ita, da kuma tsohon man da ya riga ya kwanta cikin laka, wanda rufe matata ba ya kawar da shi.

Allah da ikonsa, duk inda mai ya daɗe yana zuba, akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da shi abincinsu. Suna farfasa shi har ya koma ruwa da iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi. Kamo su ba wani aiki ne na biliyoyi ba. Ɗalibi zai ɗebo laka ko gurɓataccen ruwa daga bakin magudana, ya zuba cikin kwalba mai ruwan gishirin ma'adinai wanda ba a sa masa wani abinci ba sai ɗigon ɗanyen mai. Duk ƙwayar da ba ta iya cin mai yunwa za ta kashe ta. Bayan mako guda ko biyu ana jijjiga kwalbar, ruwan zai yi dishi-dishi, man da ke yawo a sama ya tarwatse. Sai ya ɗebi kaɗan ya zuba a sabuwar kwalba, kamar yadda mai nono ke ɗiban tsohon kindirmo ta ɗaura sabuwar madara, ya maimaita har sai gwanayen cin mai kaɗai suka rage. Akwai ma wani shuɗin rini da ake ɗigawa, wanda ke kodewa idan ƙwayar tana cin man da gaske. Wasu daga cikinsu har wani abu mai kama da sabulu suke fitarwa, ya kakkarya man zuwa ƙananan ɗigo domin su ji daɗin cinsa.

An yi wannan aikin a Kaduna, ba sau ɗaya ba. Malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na Jami'ar Jihar Kaduna sun sha ɗebo ruwan matatar da na Romi, sun fito da ƙwayoyi irin su Pseudomonas da Bacillus, sun rubuta kundaye, an buga maƙalu. A nan ne abin ke tsayawa, kuma wannan ne ke ci mini rai. Ɗalibi ya kammala digiri ya tafi bautar ƙasa, wuta ta ɗauke, firji ya huce, ƙwayar da ya sha wahalar kamowa ta mutu. Na bayansa ya zo ya faro daga farko. Da yawansu ma ba su da kuɗin da za su karanta ƙwayoyin gadon halittar don a tabbatar da ainihin sunanta, sai su tsaya a kan kamanni da gwajin sinadarai, wanda kan yi kuskure.

Tabbatar da sunan nan kuwa yana da muhimmanci, ranka ya daɗe. Pseudomonas aeruginosa gwana ce wajen cin mai, amma ita ce kuma ke sa gyambo ya ƙi warkewa, ta kuma addabi marasa lafiya a asibitoci, ga ta da taurin kai a gaban magunguna. Ba wanda ya kamata ya kiwata ta tanki-tanki ya juye cikin ruwan da mutane ke shiga. Haka nan dishi-dishin kwalba bai isa hujja ba. Sai an auna da na'ura an ga nawa ne ya rage na man, kuma wane ɓangarensa, domin sassa masu sauƙi su ake fara cinyewa, masu nauyi da ake dangantawa da ciwon daji su ne ke daɗewa.

Duniya ta gwada wannan hanya. Da jirgin Exxon Valdez ya malalar da mai a gaɓar Alaska a 1989, taki aka watsa a bakin teku, domin ƙwayoyin suna nan, abin da suka rasa shi ne sinadaran da ke cikin taki. Darasin shi ne sau da yawa 'yan gida sun fi baƙi aiki idan aka ba su iska da ɗan taki. Ƙwayar da ta saba da zafin Kaduna, da sanyin hunturu, da irin man da aka riƙa turowa ta bututu daga kudu, ta fi garin da wani ɗan kwangila zai shigo da shi cikin durom ya ce maganin gurɓata ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, kuma a Nisisioken Ogale an tarar da sinadarin benzin a rijiyoyi ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi fiye da sau 900. Shirin HYPREP da ke wannan aiki a ƙarƙashin ma'aikatarka yake, ka fi ni sanin tsadar gyara idan aka makara.

Ba na cewa bakteriya za ta wanke komai. Ba ta narkar da dalma ko sauran ƙarafa masu guba, kuma idan aka tuttulo mata mai fiye da kima ita ma mutuwa take yi. Dole a fara yaɗe man da ke sama da na'ura kafin ruwan ya isa tafkunan da take aiki, dole kuma injunan da ke hura musu iska su kasance a kunne dare da rana.

Roƙona shi ne ma'aikatarka ta zaɓi jami'a ɗaya a jihar, ta kafa mata ma'ajiyar waɗannan ƙwayoyi mai firji mai tsananin sanyi da wutar sola, inda za a riƙa kai duk wadda aka kamo, a tantance sunanta, a auna ƙarfinta, a ware mai cutarwa. Mafi kyawunsu a gwada su a tafki na gaske, ba cikin kwalba kawai ba. Amfanin ba zai tsaya a matata ba, domin baƙin man da kanikawa ke zubarwa a kwata a Panteka da sauran garejojin garin shi ma kogi yake nufa da saukar ruwan farko.

Kafin a kunna matatar kuma, ka umarci hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai ta ɗebi ruwa da laka daga sama da magudanar, da bakinta, da ƙasa da ita, da rani da kuma damina. A fassara sakamakon da Hausa da Gbagyi, a karanta shi a gaban masu unguwannin Rido da Romi, a kuma sanya ranar da za a dawo a sake aunawa.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Wani ɗan jihar Kaduna