Kada mu toshe tagar ɗakin yara

Yara, a gidaje da yawa ana toshe taga da kwali ko tsohon buhu, wai kada hasken safe ya tada yaro. Ni ban yarda ba.

Hasken safe shi ke faɗa ma jiki gari ya waye. Yaron da ke kwana cikin duhu yakan makara, ya iske an shiga aji. Kuma ɗaki mai duhu, maras iska, nan sauro ke laɓewa.

Ɗan lakkol yana bukatar barcin awa 9 ko fiye. Maganin makara, kwanciya da wuri. In akwai jinjiri, a rataya asabari, haske ya ragu, iska kuwa ta shiga.

Ku dubi tagar ɗakinku yau. Buɗe take ko toshe?