Ku karanta Dune kafin ku naɗa wa Paul rawani

Tun da kashi na biyu na fim ɗin Dune ya fito a 2024, samarinmu na nan Fatakwal suka rabu gida biyu. Wasu sun ce Turawa sun taɓa addini tunda sun sa sunan Mahdi a wasan kwaikwayo. Wasu kuma murna suke yi, wai ga shi har Amurka ta yarda mutanen hamada ne za su ci duniya. To ni da waɗannan na biyun nake rigima. An yi musu romon baka sun lashe, ba su ko tambayi me aka dafa ba.

Littafi ne tun kafin ya zama fim. Frank Herbert, Ba'amurke, ya fitar da shi a 1965, bayan maɗaba'u da dama sun ƙi karɓa, har sai da kamfanin Chilton, wanda aka fi sani da littattafan gyaran mota, ya buga shi. Labarin wata duniya ce mai suna Arrakis, rairayi zalla, ruwa ya fi jini tsada. Amma a can kaɗai ake samun wani yaji mai suna melanj, wanda in babu shi jiragen sararin samaniya ba sa iya doguwar tafiya. Saboda haka manyan gidajen sarauta ke karɓa-karɓa da ita kamar gonar gado, ba mai tambayar 'yan ƙasa, wato Fremen. Gidan Harkonnen ya shekara 80 yana tatsa. Sai sarkin sarakuna Shaddam ya miƙa ta ga Leto na gidan Atreides, ashe tarko ne, an haɗa baki da likitan gidansa aka kashe shi. Ɗansa Paul da uwarsa Jessica suka tsere cikin hamada.

To a nan ne nake so ku buɗe kunne, ku masu tafi. Labarin mai ceton da Fremen ke jira, ba daga sama ya sauko musu ba. Wata ƙungiyar mata ce, Bene Gesserit, ta aika 'yan aikenta tun zamanin da suka wuce suka dasa irin waɗannan tatsuniyoyi a duniyoyi masu wahala, domin duk ranar da wata tasu ta shiga uku ta samu mafaka. Jessica tasu ce. Ta ji kalmomin a bakin mutane, ta gane shukar gidansu ce, ta girba. Wannan shi ne Mahdin da kuke yi wa kabbara? Baƙo ne ɗan sarauta da ya rasa kujerar ubansa, ya tarar da talakawa masu ƙishirwa da imani, ya hau bayansu ya koma fada.

Kai, ko mugun labarin, Baron Harkonnen, dabararsa ke nan. Ya ɗora Rabban ya matse jama'a har su fita hayyacinsu, da nufin daga baya ya kawo Feyd-Rautha a matsayin mai share hawaye. Duk wanda ya taɓa ganin kakar zaɓe ya san wannan girkin.

Kuma Herbert bai ɓoye sakamakon ba. A littafi na biyu, Dune Messiah na 1969, yaƙin da aka yi da sunan Paul ya ci rayuka biliyan 61. Tun a na farkon ma, Stilgar, shugaban Fremen mai faɗa wa kowa gaskiya ido da ido, ya koma mabiyi mai sunkuyar da kai, har Paul kansa ya ga raguwa ce ta same shi. Wannan wurin ya fi duk faɗace-faɗacen ba ni tsoro.

Ba wanke Herbert nake yi ba. Ya ɗebi kalmomin Larabci da na Musulunci son ransa, ya yi ado da su, kuma duk jarumtar Fremen sai da aka kawo musu baƙo ya ja gaba, kamar dai Lawrence na ƙasar Larabawa. Masu fim kuwa kalmar jihadi da ke cikin littafin ma tsoron ta suka ji, suka cire. Masu fushi suna da abin riƙewa a nan. Masu murna fa, me suka riƙe?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a ce mu mazauna wannan yanki ne muka kasa gane labarin. Herbert da bakinsa ya kwatanta kamfanin CHOAM, mai riƙe da cinikin yajin, da ƙungiyar OPEC. An haƙo mai a Oloibiri tun 1956, tafiyar 'yan sa'o'i daga inda muke kasa kaya. Je ka tambayi masuncin da ke zuwa sayen albasa wajenmu wa ke cin arzikin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, kuma masu ceto nawa suka zo masa da alkawari. Shi bai karanta Dune ba, amma na rantse ba zai tafa wa Paul ba.

Littafin na da kauri, Turancinsa kuma sai da ƙamus a gefe, musamman babin farko-farko. A daure a wuce shafi ɗari, daga nan shi zai riƙe ku. Wassalam.