Ba Titi Kaɗai Ke Cinye Boris Ɗin Mashin Ɗinka Ba

Idan matashi zai sayi caja yau, sai ya jujjuya ta, ya duba wat nawa ce, ya tambaya ko orijinal ce, wani ma sai ya shiga YouTube ya ga abin da masu gwaji suka ce. Amma shi wannan matashin, idan boris ɗin tayar mashin ɗinsa ya mutu, miƙa wa bakanike kuɗi yake yi ya koma inuwa yana latsa waya har a ce masa an gama. Bai san lambar abin da aka sa masa ba, bai ga yadda aka sa shi ba. Bayan 'yan watanni tayar ta sake fara kuka, sai ya ce ai titunanmu ne.

Ni ban yarda titi ne babban mai laifi ba. Ramuka suna da nasu kason, lodin da ya wuce kima ma haka. Amma yawancin boris ɗin da ke mutuwa kafin lokacinsa, hannunmu ne ke kashe shi: a wurin wanki, a wurin ɗauri, da kuma a shagon saye.

Boris abu ne mai sauƙin fahimta. Zobe biyu ne na ƙarfe, ƙarami a cikin babba, da ƙananan ƙwallaye suna gudana a tsakaninsu cikin giris. A tayar mashin irin su Boxer, Jincheng ko Haojue, yawanci guda biyu ne, ɗaya a kowane gefe, da wani ɗan bututun ƙarfe a tsakaninsu. Nauyinka da na fasinja da na buhun da aka ɗaura a baya, duk a kan ƙwallayen nan yake sauka. Muddin giris ɗin yana da tsabta, kuma hanyar ƙwallayen sumul take, boris zai daɗe yana aiki.

Mu fara da wurin wanki. Injin feshin ruwa mai ƙarfi ya zama ruwan dare, kuma kowa na son ganin mashin ɗinsa yana ƙyalli. Yaron wanki sai ya saita bakin injin daidai tsakiyar taya don fitar da laka. Robar da ke rufe boris an yi ta ne don tare ƙura da fantsamar ruwa, ba ta iya jure irin wannan matsi. Ruwa da sabulu su shige, su gurɓata giris, tsatsa ta fara aiki a ciki, alhali waje fes. Haka nan kutsawa cikin ruwan da ya taru a titi da damina, musamman bayan doguwar tafiya da tsakiyar tayar ta ɗauki zafi: tana hucewa farat ɗaya, tana iya zuƙo ruwa ciki. Da rani kuma ƙura ta samu ƙofar da aka riga aka buɗe mata, ta haɗu da giris ta koma kamar yashin goge ƙarfe.

Na biyu shi ne guduma. Sabon boris ana tura shi cikin gurbinsa ne ta zoben waje kawai, da wani ƙarfe mai faɗinsa, a hankali kuma a miƙe. Idan aka doki zoben ciki, ƙarfin dukan ta kan ƙwallaye yake bi, su bar ƙananan tabo a hanyarsu. Ido ba ya ganin tabon, amma boris ɗin ya riga ya fara mutuwa tun kafin ka bar gareji. Akwai kuma masu manta ɗan bututun nan na tsakiya, ko su ce ba shi da amfani. Shi ne ke hana zoben ciki matsewa idan aka ɗaure noti. In babu shi, ɗaurin da aka yi don tsaro shi zai danne ƙwallayen ta gefe. A tayar baya, sarƙar da aka ja ta yi tauri fiye da kima ita ma tana ƙara wa boris wahala.

Na uku shi ne abin da muke saya. A jikin kowane boris akwai lamba, kuma karanta ta bai kai karanta bayanan waya wuya ba. Lambobi biyun ƙarshe suna nuna faɗin ramin tsakiya: 01 milimita 12 ne, 02 milimita 15, 03 kuma milimita 17. Wato 6301 da 6202 ba sa maye gurbin juna. Haruffan da ke biye sun fi muhimmanci ga mai hawa a ƙasarmu. 2RS na nufin murfin roba a gefe biyu, ZZ kuma murfin ƙarfe ne wanda ba ya toshe ruwa da ƙura sosai. Ga mai bin ƙura da laka, 2RS ya fi dacewa.

Sai matsalar jabu. Sunaye irin su SKF na Suwidin, ko NSK, NTN da Koyo na Japan, ana buga su a kwalin da ba nasu ba, kamar dai yadda ake yi wa caja da batir. Kamfanonin sun san da haka. SKF na da manhaja mai suna SKF Authenticate, wadda za ka ɗauki hoton kayan da kwalinsa ka tura su duba maka. Ko ba ka da ita, kyamarar wayarka ta isa ka ɗauki lambar tsohon boris kafin ka shiga kasuwa, ka kwatanta rubutu da ɗaurin kwali. Idan farashi ya faɗi ƙasa warwas, ka tambayi kanka dalili.

Na san abin da ɗan acaɓa zai ce: mai kyau yana da tsada, ga balas na jira da yamma. Maganarsa na kan hanya. Amma a yi lissafin duka. Mai araha da za a canza sau da yawa, kowane canji da kuɗin aiki da wunin da aka rasa. Mafi muni, boris ɗin da ya lalace aka ci gaba da hawa yana iya cinye gurbinsa a jikin taya, daga nan ko sabo aka sa ba zai zauna daram ba, sai an sayi abin da ya ninka kuɗin boris nesa ba kusa ba. Wannan duk asarar aljihu ce. Idan na gaba ne ya watse kana cikin gudu, kan mashin ya fara rawa ko tayar ta cije, maganar ta wuce ta kuɗi.

Gwajin ba ya cin minti biyu. Ɗora mashin a kan babban jak yadda tayar za ta bar ƙasa. Kama ta sama da ƙasa ka girgiza gefe da gefe. In ka ji tana ƙwas-ƙwas, akwai matsala. Juya ta da hannu ka saurara: gurnani ko ƙarar yashi alama ce. Bayan tafiya, taɓa kusa da tsakiyar tayar a hankali. Zafi mai yawa ba tare da ka sha taka birki ba abin dubawa ne. In za a canza, a canza biyun tare, kuma kada a mayar da wanda aka riga aka ƙwanƙwaso.

Bakanike nagari ba ya jin haushin mai tambaya. Ranar da za a buɗe tayarka, ka sa wayar a aljihu, ka tsaya a kansa, ka ce: "Oga, mu ga lambar, kuma ina bututun tsakiya?" A wurin wanki kuma ka gaya wa yaron ya kawar da bakin injin daga tsakiyar taya, ya wanke wurin da soso.